Saiwar Aro

Shekara talatin da ɗaya Yaya ta yi tana manna busassun tsirrai a jikin kwali, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo mata da aiki an ce ta sake ba. Abin da take taƙama da shi ke nan a duniya, ba ta da wani. Digiri babu, ofis babu, teburinta ma a lungu yake, tsakanin taga da kabad ta goma sha huɗu. Amma duk wanda ya shiga ɗakin ajiyar tsirrai na jami'ar nan ya buɗe kabad ya zaro kwali, to aikin hannunta ya riƙe, ko ya sani ko bai sani ba.

Aikin kuwa ga yadda yake. Malamai su hau tsauni su tsinko tsiro, su danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe ƙayau, su kawo mata. Ita ce za ta shimfiɗa shi a kan farin kwali, ta kifa ganye ɗaya don a ga bayansa, ta shafa gam, ta ɗora 'yan jakunkunan yashi su danne. Inda kara ya yi kauri ta ɗinke shi da allura da zare. A ƙasa ta hannun dama ta liƙa takardar da ke faɗin inda aka samo shi da ranar da lambarsa. In ta gama sai ta juya kwalin ta sa 'yar alamarta da fensir. Kwali dubu arba'in da ɗoriya ne ke ɗauke da alamar nan. Warin kafur ya kama mata kaya har 'yarta kan ce, "Mama, ke kam ko asu ba zai kusance ki ba."

Sunan Yaya daga bakin Farfesa kowa ya ɗauka, don ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi. Da iyayensu suka rasu ita ta bar makaranta ta kama ɗinki, shi ya ci gaba da karatu har ya zama malami a jami'ar, sannan ya samo mata gurbin nan. A gida Auta take ce masa. A wurin aiki sai ta ce Farfesa, har da ɗan rusunawa, kada ɗalibai su raina shi.

Shi Farfesa fiyoni ya sani. Fure ne na tsaunuka masu sanyi, faɗinsa ya kai bakin ƙaramin kwano, wani ja, wani fari, wani rawaya. Na lambu ba shi da rigima, na jeji ne ya hana masana zaman lafiya. Wannan ya ce jinsinsa ashirin da biyar ne, wancan ya ce arba'in, wannan ya raba, wancan ya zo ya haɗe, su yi ta yi wa juna baƙar magana a rubuce cikin ladabi. Abin da ake dubawa kuwa shi ne: a ƙirga ganye gida nawa ya rabu, a duba kwanson 'ya'yan ko da gashi ko sumul yake, sannan a tono saiwa. Wani saiwarsa guda ce doguwa kamar karas, wani kuma curi-curi kamar dankali.

To, shekara ashirin da biyu da suka wuce Farfesa ya sauko daga tsauni da abin da ba a taɓa gani ba: ganye irin na masu saiwar dankali, amma saiwar ta karas. Sabon jinsi! Ya raɗa masa suna, aka buga, sunansa ya bi bayan sunan furen a littattafai. Da shi ya zama Farfesa, da shi ake gayyatarsa taro ƙasa-ƙasa. Kwalin da ke ɗauke da tsiron na asali, wanda duk mai gardama dole ya zo ya duba, yana cikin jan fayil a kabad mai makulli. Hotonsa kuwa har a falon Farfesa, an yi masa firam.

Sai ga Dakta. Tsohuwar ɗalibarsa ce, siririya, ba ta da yawan magana, irin mutanen nan da in ka ce musu ana ruwa sai sun miƙa hannu ta taga. Aka ba ta aikin sake jera fiyonin jeji kaf. Shekara uku a jere, duk lokacin fure, tana hawa tsaunin da Farfesa ya rubuta, tana tono. Tsiro tamanin ta tono masu irin ganyen nan, kowanne da dankalinsa. Ko karas ɗaya babu. Ai dama inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Wata Talata da hantsi ta zo ta ajiye jan fayil ɗin a teburin Yaya.

"Yaya, alfarma nake nema. Wannan ƙyallen da ya rufe mahaɗar kara da saiwa, za ki iya ɗaga min shi ba tare da wani abu ya ɓaci ba? Babu hannun da na yarda da shi sai naki."

Yaya ta dubi fayil ɗin. Shekara ashirin da biyu tana jiran wannan maganar, har ta fara zaton ta tsira.

Ta tuna ranar sarai. Auta ya dawo daga tsauni ya rame, leɓensa duk ya tsattsage, yana ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya buɗe jarida a gabanta, kara daban, saiwa daban. Ta gwada su baki da baki, suka ƙi zama.

Ta ce, "Auta, wannan saiwar ba ta wannan karan ba ce."

Ya ce, "Ni na haƙa da hannuna. A cikin buhu ta karye."

"Karan nan yankan wuƙa ne, duba ka gani."

"Yaya, don Allah ki yi abin da kika iya, ki bar min abin da na iya."

A ƙa'idar aikinta ba a ɓoye karaya. In tsiro ya zo a karye, a karye ake manna shi, a bar tazara kowa ya gani. Ranar ta yanko ƙyalle mai faɗi ta rufe tazarar ruf. Sau ɗaya tak a rayuwarta, kuma ta yi shi da kyau, don ba ta iya aikin banza ba.

Yanzu ga shi ita ce za ta kwance. Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi ta ɗora, ta jira gam ya saki, ta sa hantsaki ta ɗaga ƙyallen a hankali. Ko ɓurɓushi bai faɗo ba. Dakta ta sunkuya da gilashinta na dubawa, ta daɗe.

"Kara an yanke shi a karkace. Saiwa kuma karyewa ta yi. Ko kaurinsu bai zo ɗaya ba." Ta ɗago. "Tsiro biyu ne, Yaya."

Ba ta tambaye ta komai ba. Ta yi godiya ta ɗauki fayil ta fita, kuma wallahi rashin tambayar ya fi tambayar ciwo.

Ran Asabar da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidan Yaya. Rabon Farfesa da gidan nan tun sunan jikarta, amma ga shi da ledar lemo, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Yaya ta dubi lemon, ta dubi durƙuson, ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza. 'Yarta, wadda ke aikin jinya a asibiti, tana gefe tana guga.

Ya ce, "Yaya, an kafa kwamiti."

"Na ji."

"Ni da na zauna na yi tunani, ina ga jarida biyu na kawo miki ranar, lamba na bin lamba. A teburinki suka cakuɗe."

"Jarida ɗaya ce, Auta. Mai hoton 'yan ƙwallo a baya."

"Haba Yaya, shekara ashirin da biyu, wa zai iya tunawa?"

"Ni."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka faɗa min. A lokacin ka sani?"

"Ban sani ba." Ya sunkuyar da kai. "Rannan na tono da yawa, duk a buhu ɗaya na zuba. Da kika yi magana gabana ya faɗi. Amma na riga na rubuta wa mutane wasiƙa. Ban so in sani ba, Yaya."

"To ka je ka faɗa musu haka."

"In na faɗa ba za su ce kuskure ba ne, cewa za su yi ƙirƙira na yi. Littafina, ɗalibaina goma sha ɗaya, duk abin da na taɓa rubutawa, ya zama abin dariya. Ke kuwa me za a yi miki? A ce kuskuren mai manni ne, shi ke nan, gobe an manta."

Me za a yi miki! Kai jama'a. Wato shi a ganinsa ba ta da abin asara. Shekara talatin da ɗaya yana wucewa ta gaban teburinta, bai taɓa sanin akwai wani abu a kansa ba sai gam. Wannan kalmar ta fi roƙon nasa ƙona mata rai.

'Yar ta dangwarar da dutsen guga. "Kawu, ka yi haƙuri zan sa baki. Kai ka haƙa ramin, sai Mama ce za ta faɗa?"

"Ke, ba da ke ake ba," in ji Yaya.

"Ai dama ba a taɓa yi da ni ba. In ya zo da lemo ni ce mai yankawa."

Farfesa bai ko dube ta ba. Ya matso ya kama gefen zanen Yaya. "Ke Inna ta bar wa ni. Ba ni da kowa sai ke."

Ta zare zanenta. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Da ya tafi 'yar ta ce, "Wallahi Mama in kika yarda na daina yi miki magana." Yaya ta ce ba za ta yarda ba, kuma har cikin ranta haka take nufi.

Ran Litinin da safe, kafin a shiga kwamiti, Dakta ta same ta tana wanke burushin gam.

"Yaya, na ji abin da Farfesa ya rubuta wa shugaban sashe. Ni ban yarda ba. Na duba aikinki kwali ya fi dubu, ban taɓa ganin kin rufe karaya ba sai a wannan. Ki faɗi yadda aka yi."

"In na ce ni ce fa?"

"To doka ta ce duk kwalin da ya fito daga hannunki ya zama abin shakka. Za a buga wa kowanne hatimi, a rubuta a tantance. Duk wanda ya zaro shi daga yau har abada, hatimin zai fara gani kafin tsiron. Dubu arba'in ɗin nan duka."

Yaya ta matse burushin ta ajiye. Ta ce, "Na gode, 'yata."

Ɗakin taron ta san shi, ta sha kai fayil ta ajiye ta fita. Yau ne aka fara ce mata ta zauna. Shugaban sashe na tsakiya, malamai biyu a gefensa, Dakta a ƙarshen tebur, Farfesa a ɗaya gefen, kwalin kuma a tsakiyarsu tazararsa a buɗe. Shugaba ya yi doguwar shimfiɗa, ya yabi Yaya, ya ce ita uwa ce a sashen nan, ba wanda ya zo tozarta wani. In ka ji ana yabonka haka a gaban kwamiti, to ka nemi inda za ka dafa.

"Tambayar guda ce, Yaya. A jarida ɗaya suka zo miki, ko a teburinki suka haɗu?"

Ta shirya amsarta tun a hanya. Jarida ɗaya, mai hoton 'yan ƙwallo, na faɗa masa ya ƙi ji. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta yi kuskuren duban ƙaninta. Ya ɗora hannuwa a kan tebur, ya yi zuru-zuru, furfurarsa duk ta fito fili. Ba Farfesa ta gani ba. Yaron da ta tsaya da shi a bakin makabarta ta gani, yana riƙe da yatsanta yana tambayar yaushe Inna za ta dawo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ita ma kuma, in za a bi gaskiya, wa ya yanko ƙyallen?

Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Jarida biyu ce. A hannuna suka cakuɗe."

Dakta ta ce, "Yaya!"

"Ni ce."

Shugaba ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ɗaya malamin ya ce ai ɗan Adam ajizi ne, ɗayan ya duba agogo. Farfesa kuwa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ba komai, Yaya, na yafe miki." A gaban mutane! Ta dube shi, shi kuma ya dubi bango.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Dakta ta buga aikinta, aka soke sabon jinsin, aka mayar da ganyen cikin danginsa masu saiwar dankali, saiwar kuma aka mayar da ita ga masu ita. Farfesa ya rubuta gyara layi huɗu, ya ce an samu kuskure wajen manni. Masana suka yi ta aiko da saƙo suna yaba tawali'unsa, wai ba kowane babba ne ke karɓar gyara daga ɗalibarsa ba. Har gayyatarsa aka yi wani taro ya yi jawabi a kan muhimmancin kula da ma'aikatan ɗakin ajiya. Hoton falo dai aka sauke, aka maye gurbinsa da agogo.

'Yarta ta cika alkawari na kwana tara. A na goma ta kawo mata shayi ta ajiye ta ce, "Ga shi nan, uwar masu yafiya." Suka yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Hatimin ya iso bayan mako biyu, a cikin ɗan kwali, da tawada ja. Aka rasa wanda zai buga. Malamai ba su da lokaci, ɗalibai ba a yarda su taɓa tsofaffin kwalaye ba, kada su karya ganye. Shugaba ya yi ta kame-kame a bakin teburinta, ƙarshe dai ya fito da ita: duk sashen nan babu mai hannun da zai zaro kwali dubu arba'in ya mayar ba ɓarna sai mutum ɗaya.

Ta ce, "To."

Ta fara daga kabad ta ɗaya. Ta zaro kwali, ta juya ta ga alamarta, ta mayar da fuskarsa, ta buga a sama ta hannun hagu inda babu ganye. A TANTANCE. Wasu ta tuna ranar da ta manna su. Ga wanda ta ɗinke tana da cikin 'yarta. Ga wanda ta kwana uku tana jera furensa da ya wargaje, ɗaya bayan ɗaya, har wani baƙon masani ya nemi a nuna masa wadda ta yi don ya gaishe ta. Shi ma ta buga masa. Ta lissafa, in tana buga ɗari biyu kullum za ta gama saura wata biyu ta yi ritaya. Dakta kan zo ta tsaya a bayanta, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta juya. Yaya ba ta jin haushinta, yarinyar aikinta ta yi.

Tana kabad ta shida Farfesa ya dawo daga wata tafiyar tsauni. Ta ji muryarsa a baranda, ta ji ƙamshin sababbin tsirran da aka danne, ɗanyen ganye da jarida. Hannunta da kansa ya ture hatimi gefe ya share tsakiyar tebur, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ya shigo rungume da ƙunshi uku. Ya wuce ta. Ya buɗe kabad mai makulli ya zuba su ya kulle, sannan ya dawo ya tsaya a kanta yana wasa da makullin.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Sannu da hanya. Ba za a manna ba ne?"

"Za a manna. Wata mai zuwa za a ɗauki sabuwar mai manni." Ya yi gyaran murya. "Ki gane, ba ni ba ne. In kika manna su dole a buga musu hatimin nan, kin ga kuwa sababbin samfura ne, masu muhimmanci."

"Na gane. In ta zo a turo min ita. Akwai yadda ake ɗinke saiwa mai kauri, ba a rubuce yake ba."

Ya daina wasa da makullin.

"Ai shi ne abin da na zo faɗa miki. Kwamiti ya ce a tura ta wata jami'a ta koyo. Wai kada ta ɗauki hannunki."

Yaya ta daɗe tana kallon tsakiyar teburin da ta share.

"Kai ma ka sa hannu?"

"Duk wanda ke wurin ya sa. In na ƙi za a ce me ya sa."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo hatimin, ta dangwala shi a tawada, ta zaro kwali na gaba ta shimfiɗa. Shi kuma yana nan tsaye, yana jiran ta ce masa ba komai.

Ta ce, "Matsa min daga haske, kada ya karkace."